Koren Zare a Wuyan Riga

Ranar da ya fara shiga shagon wankin, riƙe yake da farar riga kamar mai ɗauke da mara lafiya. Biro ne ya fashe a aljihunta, tawada ta bazu har ƙirji, ga shi kuma jibi zai sa ta ya je karɓar takardar kammala karatunsa na harkar kasuwanci. Ita kaɗai ce rigar kirkin da ya mallaka.

A bayan kanta, tsakanin ƙullin kaya masu datti da jerin gogaggu da aka rataye, wata budurwa ce zaune da allura a hannu, gabanta ƙaramin akwati cike da zare kala-kala. 'Yar mai shagon ce. Ta amsa sallamarsa, ta shimfiɗa rigar, ta dubi tabon, sannan ta dube shi.

"Malam, rubutu ka yi da biron nan ko kokawa?"

"Shi ya kayar da ni," in ji shi. "Za ta fita?"

"Ka sa mata ruwan zafi?"

"A'a."

"To Allah ya so ka. Da ka sa, da tawadar ta zauna ke nan."

Ta juya wuyan rigar ta ciki, ta zura allura. Ya tambaye ta me za ta ɗinka. Ta ce alama ce. A shagon mahaifinta kowane mai kawo wanki yana da tasa: launin zare da yawan ƙulli. Ja mai ƙulli biyu na likita ne, baƙi mai uku na wata malamar makaranta. Takarda tana jiƙewa, rubutu yana gogewa, amma zare yana shiga ruwa ya fito yadda ya shiga.

"Wannan ai ɓata lokaci ne," ya ce da ƙarfin gwiwar wanda bai daɗe da rufe littafi ba. "Da lamba kuka sa, da kun ninka aikinku."

"To, Mai Tawada, idan ka buɗe naka sai ka sa lamba."

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Tana duban fuskarsa hannunta ya ɗauko koren zare ba tare da idonta ya duba ba.

Washegari ya dawo, aka nemi riga aka rasa. Aka zazzage shago, ta yi ta ba shi haƙuri, idonta ya cika da hawaye. Ana cikin haka sai ga Maigida, mahaifinta, ya shigo da rigar a hannu, fes, babu ɗigon tawada. A gida aka same ta, cikin kayansa. Koren zare a shagon nan ba na baƙo ba ne, alamar gida ce, ta kayan iyali waɗanda ake kaiwa gida kai tsaye.

Ya ɗaga wuyan rigar ya nuna wa 'yarsa.

"Yaushe muka yi sabon ɗa a gidan nan ban sani ba?"

Ma'aikata suka fashe da dariya, ita ta rufe fuska da mayafi. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba: babban mai gugar shagon, wanda ya shekara goma sha biyu a hannun Maigida, kuma ya daɗe yana jiran ranar da zai aiko da manyansa neman aurenta. Ya ajiye dutsen guga a tsaye, ya ƙare wa baƙon kallo.

Daga nan Mai Tawada ya zama mai yawan datti. Yau ya kawo hankici, gobe ya kawo rigar da ba a ko sa ba. Cikin wata biyu sun yi musayar lambar waya, ta riƙe masa sunan da ta raɗa masa, shi kuma ya sa mata Zarena.

"Zarena, tun da kika ɗinke wuyan rigata na kasa juyawa in kalli wata. Ki faɗa mini, da me aka cire tawadar nan?"

"Sirrin gida ne, Mai Tawada. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci, amma bai yi daɗi ba tunda ba ki tambaya da wuri ba. Injinku kaya nawa yake ɗauka a zubi ɗaya?"

Haka saƙonninsa suke, rabi zuma rabi tambaya. Ita ba ta lura ba, domin mai so yakan tsince abin da yake son ji ya bar saura. Shi ma bai ɗauka laifi ba ne. Tunanin buɗe shagon wanki na zamani ya riga ya kama shi, kuma a zuciyarsa shagon da yarinyar sun cakuɗe sun zama buri ɗaya. Ya rubuta tsari mai shafi arba'in. Mahaifiyarsa, wadda ta rene shi ita kaɗai tun rasuwar mahaifinsa, ta sayar da filin da ta gada, aka sayo injin wanki biyu da na busarwa ɗaya.

Da wannan tsarin a hannu ya je gaida Maigida, ya durƙusa, ya faɗi abin da ke ransa game da 'yarsa.

Maigida ya karɓi takardun, ya auna nauyinsu a tafin hannu, ya ajiye bai buɗe ba.

"Miƙo hannunka."

Ya miƙa. Dattijon ya juya shi ciki da baya. Hannu ne mai laushi, babu ƙuna, babu tsagewar sabulu.

"Ka taɓa wanke rigar wani?"

"A'a, Baba. Ai ni jagoranci zan yi. Akwai waɗanda za su yi wankin."

"Idan mai gugarka ya ce maka wannan yadi ba ya son wuta, da me za ka gane gaskiya ya faɗa ko ƙiwa yake yi?"



"Yaro, ban raina karatunka ba. Da ina da irinsa da shagona ya fi haka. Amma wanda ya hau kan mutane a aikin da bai sani ba, ɗayan biyu ne: ko su cuce shi, ko ya zalunce su. Na fi jin tsoron na biyun. Ba zan yi wa 'yata dole ta auri wanda ba ta so ba, amma ba zan ba ka ita ba. Tashi ka je."

Ya fito yana jin an wulaƙanta shi. Da zai tsaya ya saurara, da ya ji cewa ƙofa aka nuna masa, ba bango ba. Amma ƙuruciya ba ta cika bambance gargaɗi da zagi ba.

"Zarena, ki ba ni wata uku. Zan nuna wa Baba cewa kai ma yana aiki, ba hannu kaɗai ba."

"Ka bi a hankali, Mai Tawada. Baba ba maƙiyinka ba ne. Ni dai ina nan."

Ya kama shago layi uku daga na Maigida, ya yi fenti, ya kafa allo mai haske. Ya ɗauki ma'aikata uku: mata biyu masu ninki da guga, da wani tsoho da kowa ke kira Kawu, wanda ya yi shekara arba'in yana wanki, har sun taɓa aiki tare da Maigida a ƙuruciyarsu. Suka riƙa kiransa Manaja, sunan kuma ya yi masa daɗi fiye da yadda ya kamata.

Doka ta farko da ya kafa ita ce babu zare. Ya sayo 'yan takardu masu gam waɗanda mai sayarwa ya rantse ba sa jin ruwa. Kowace riga a manna mata lamba, lambar kuma tana cikin wayarsa tare da sunan mai ita.

"Manaja," Kawu ya ce a hankali, "ruwa daban, zafi daban. Ka gwada takardar nan a injin busarwa?"

"Kawu, ka bar mini tunani, ka riƙe wanki."

Sati biyu na farko kayan ba su da yawa, rana suke shanyawa, komai ya tafi daidai. Sai ya yi shelar rangwame, kaya suka yi ta kwarara: guda ɗari uku da 'yan kai, daga gidaje sittin, cikin kwana uku.

A daidai wannan lokacin ne Mai Guga, babban mai gugar nan na tsohon shagon, ya sami 'yar Maigida ita kaɗai a kanta.

"Ƙanwata, ba gulma na kawo ba. Ki ɗauki wayarki ki ƙirga. A cikin saƙonninsa, nawa ne babu tambayar aiki? Mutum ya zo da riga ɗaya, ya fita da sana'ar gidanku. Ke ce makarantarsa ta kyauta."

Ta ce ya fita harkarta. Amma da ya koma kan teburinsa ta buɗe wayar, ta fara karantawa daga farko. Sabulu. Sitaci. Yawan ruwa. Inda suke sayen leda. Kowace kalma mai daɗi da tambaya a bayanta, kamar ƙugiya a cikin abinci. Ta ajiye wayar. Da yamma mahaifinta ya shaida mata cewa manyan Mai Guga sun zo, ya ce musu su dawo ƙarshen wata.

"Ba zan amsa musu ba sai kin ce to," in ji shi. "Amma ki yi tunani. Wannan na san hannunsa."

Kwana uku ba ta amsa saƙon Mai Tawada ba.

A safiya ta huɗu ya shigo shagonsa ba barci a idonsa, zuciyarsa a dagule. Ya tarar da Kawu a tsugune bayan tulin kaya, da allura a hannu, yana ɗinki a wuyan wata riga, ga masu kawo wanki biyu suna jira a kanta.

Abin da ya faɗa a wannan safiyar ya bi shi shekaru. Mutum yakan manta asarar dukiya, amma maganar da ya gaya wa tsoho a gaban jama'a tana dawo masa ko yana tsakiyar dariya.

"Sau nawa zan ce babu zare a nan? Nan ba shagon tsofaffi ba ne! Idan kanka ya ƙi ɗaukar sabon abu, ga ƙofa nan!"

Kawu ya gama ƙullin da ya fara, ya ciji zaren, ya soke allurar a aljihun rigarsa. Ya miƙe da ƙyar saboda gwiwa.

"Allah ya ba da sa'a, Manaja."

Ya fita. Matan nan biyu suka sunkuyar da kai.

Hadari ya haɗu kafin azahar, babu damar shanya. Manaja ya ce a zuba komai a injin busarwa, a ƙure zafi don a gama da wuri. Ɗaya daga cikin matan ta ce akwai ulu da siliki a ciki. Ya ce a zuba. Zubi bayan zubi injin ya yi ta juyawa har la'asar.

Da suka zo ninki, babu lamba ko ɗaya. Zafi ya narkar da gam, takardun duk sun ɓare, sun dunƙule wuri ɗaya a matatar injin kamar an tauna su. Kaya ɗari uku a kan tebur da ƙasa, farare kusan ɗari masu kama da juna, babu wanda ya san na wane ne. Wayarsa cike da sunaye da lambobi waɗanda ba su da amfani.

Washegari mutane suka fara zuwa. Wani zai yi tafiya, wata kayan makarantar 'ya'yanta ne, wani ya ɗauki wandon da ba nasa ba mai shi ya kama shi a bakin ƙofa, aka kusa dambe. Wata mata ta ɗaga rigar sanyin mijinta wadda ta tsuke ta koma kamar ta yaye, ta tambaye shi ko jikanta ya yi wa wanki. Ya janyo ƙofa ya rufe daga ciki, ana bugawa. Ya zauna a kan tulin kayan mutane yana tuna filin mahaifiyarsa.

"Zarena, don Allah ki taimake ni. Idan lamba ta ɓace, ta yaya ake gane mai kaya?"

Amsa ta zo nan take.

"Wannan ma tambayar aiki ce. Na ƙirga su, sun kai saba'in da huɗu. Ka kammala karatun, sai ka nemi wata makarantar."

Ya karanta sau uku kafin ya fahimta. Ya koma baya cikin saƙonninsa, ya ga abin da ta gani, kunya ta rufe shi. Sannan ya rubuta.

"Ba ni da tambaya. Kin yi gaskiya, na tambaye ki komai ban taɓa tambayar ko kin gaji ba. Shagon ya rushe, ni na rushe shi da hannuna. Ban ce ki zo ba. Ina so dai ki sani, da za a ce in zaɓa tsakanin injinan nan da ranar da kika yi kuskuren zare, ranar zan ɗauka. Rigar tana jikina yanzu, ban taɓa cire zaren ba."

Bayan awa ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Ita ce, tare da mahaifiyarta, wadda ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Minti goma na ba ku, kuma ban zo nan ba."

'Yar Maigida ba ta gaishe shi ba. Ta wuce kan teburin, ta ɗauki riga, kuma saboda sabo hannunta ya juya wuyan ta ciki. Ta tsaya. Ta ɗauki wata, ta juya. Ta ɗauki wando ta duba ƙugu. Zanen gado, ta duba kusurwa.

"Wa ya yi wannan?"

A kowane kaya akwai ɗan zare, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, a inda ido ba ya kaiwa.

"Kawu ne," in ji shi. "Na zaci guda ɗaya ya yi."

"Duka ya yi. Ɗari uku, da idonsa da ba ya gani sosai." Ta kai zaren kusa da fuskarta, ta girgiza kai. "Ba zan iya karantawa ba. Kowane mai wanki da harshensa. Wannan ba na gidanmu ba ne, shi kaɗai ya san wane ƙulli ne na wa. Ina yake?"

Matar da ke ninki ce ta ba ta labarin abin da ya faru, kalma da kalma. Ta ƙara da cewa, "Kawu fa bai iya karanta lamba ba. Kunyar faɗa yake ji."

'Yar Maigida ta juyo ta dube shi, hawaye na zuba.

"Na yafe maka tambayoyin. Wannan kuwa ba ni ka yi wa ba, balle in yafe. Abin da Baba ya ji tsoro ke nan. Yau Kawu ne, gobe ni ce zan faɗa maka abin da ba ka sani ba. Ni ma ƙofa za ka nuna mini?"

"Zarena..."

"Kada ka kira ni da sunan nan sai ka dawo da shi."

Ya sami Kawu a tsakar gidan haya, zaune kan ƙaramar kujera, da baho biyu a gabansa, yana wanke kayan maƙwabta da hannu. Ya durƙusa ya ba da haƙuri. Kawu ya ce ya yafe, ya ci gaba da wanki. Ya roƙe shi ya dawo. Kawu ya ce gwiwarsa ba ta son zirga-zirga. Ya faɗa masa halin da ake ciki, ya ambaci mahaifiyarsa, ya ambaci yarinyar.

"Ni da Manaja ba mu da aiki tare," in ji tsohon. "Shi tunani, ni wanki."

 Mai Tawada ya cire agogo, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya janyo baho na biyu, ya tsoma hannu. Kawu ya yi kamar bai gani ba. Mai Tawada ya ɗauko wata rigar sanyi, ya cuɗa, ya kama ta zai murɗe.

"Kai! Kashe ta za ka yi? Ulu ake murɗewa? Matsa ta a hankali, kamar kana shafa kan jariri!"

"Ban sani ba, Kawu. Nuna mini."

Tsohon ya dube shi. Sannan ya matso da kujerarsa.

Sai da suka gama kayan maƙwabta tas suka shanya, Kawu ya ɗauki sandarsa. Kwana biyu ya yi a shagon yana juya wuyan riguna yana kira: wannan na mai tabarau ne, wannan na matar da ke zuwa da 'yan biyu, wannan na dogon nan mai yawan ciniki. Mai Tawada yana biye da shi yana haɗa siffa da sunan da ke wayarsa. Haka zaren tsoho da lissafin yaro suka taru suka mayar wa kowa kayansa. Guda goma sha ɗaya ne zafi ya lalata. Ya bi gidajen da ƙafarsa, ya ce shi ya ba da umarnin, ba ma'aikatansa ba. Wasu suka yafe, wasu suka zage shi har bakin titi, ya tsaya ya saurara.

Daga nan ya sauke allon mai haske, ya lulluɓe injina da zane, ya nema wa matan nan biyu aiki a wani shago. Ya gaya wa mahaifiyarsa gaskiya duka. Ta ce, "Fili ya tafi. Kai dai kada ka tafi."

Ana saura kwana biyu wata ya ƙare ya durƙusa a gaban Maigida.

"Baba, ba maganar aure na zo da ita ba. Aiki na zo nema. Ko shara ce."

Maigida ya kira Mai Guga. "Ga ɗalibi. Kada ka tausaya masa."

"Ban yi niyya ba," in ji Mai Guga.

Da manyan Mai Guga suka dawo, 'yar Maigida ta ce wa mahaifinta ba za ta ce to ba, kuma ba ta roƙe shi ya ba ta kowa ba. Za ta jira. Maigida ya ba baƙinsa haƙuri, ya kuma kafa doka: a cikin shago babu magana tsakaninta da ɗalibin sai ta aiki.

Wata bakwai ya yi. Ya fara daga rarraba kaya masu datti, wanda shi ne aikin da kowa ke gudu. Ya koyi gane yadi da yatsa, ya koyi cewa jini ruwan sanyi yake so, maiƙo kuma ɗumi. Dutsen guga ya ƙona shi a wuyan hannu sau uku, sabulu ya tsattsaga masa yatsu. Mai Guga yakan ɗaga rigar da ya goge, ya nuna wa kowa, ya ce, "Manaja ya yi mana taswira," ya jefa ta cikin ruwa a sake. Sau da yawa ya tsaya a bayan shago yana tunanin tafiya. Abin da ke mayar da shi ciki shi ne saƙon da ke zuwa bayan an tashi.

"Na ga hannunka yau. Ka shafa mai. Kada ka sa bandeji, zai jiƙe."

"Na shafa. Kin gaji yau? Na ga kin yi alama ta fi ɗari."

"Wannan ce tambayar da na fi so a duk waɗanda ka taɓa yi. Ka iya kirana da sunan nan yanzu."

A wata na biyar ya lura ana asarar rabin yini wajen jiran ruwa ya taru. Bai ba da umarni ba. Ya je ya tambayi Mai Guga ko an taɓa gwada jiƙa farare tun da yamma. Suka yi gardama, suka gwada, aiki ya ragu da awa biyu. Mai Guga bai yaba ba, amma tun daga ranar ya daina cewa Manaja.

Wata safiya Maigida ya shimfiɗa wani yadi a kan kanta, mai sheƙi, mai nauyi, da tabo ruwan ƙasa a tsakiya. Ya kira ɗalibin a gaban kowa.

"Na mutum mai daraja ne, gobe yake so. Me za ka sa masa?"

Ya shafa yadin, ya murza gefensa, ya sunsuna tabon. Bai taɓa ganin irinsa ba. Ya san amsoshi uku da za su yi kama da ilimi, ya kuma san 'yar Maigida tana bayan kanta tana saurare, kuma wataƙila wannan ce damarsa ta ƙarshe. 

"Ban sani ba, Baba. Kuma ba zan taɓa shi ba sai na tambaya. Yaya," ya juya ga Mai Guga, "ka san shi?"

Mai Guga ya karɓa, ya duba, ya ɓata fuska. "Ni ma ban san shi ba. Sai dai Kawu."

Maigida ya naɗe yadin a hankali.

"Shekara talatin yana akwatina. Ni ma ban san abin da ke cire tabon nan ba. Mutum tara na nuna wa kafin kai, kowa sai da ya faɗi magani." Ya dubi Mai Guga ta gefen ido. "Har da wani."

Aka yi dariya, har Mai Guga ya murmusa yana sosa ƙeya.

"Miƙo hannunka."

Ya miƙa. Dattijon ya juya shi ciki da baya, ya shafa tabon ƙuna da babban yatsa. Sannan ya kai hannu wuyan tsohuwar farar rigar da ke jikin saurayin, ya juya ta. Koren zaren yana nan, ya koɗe, amma ƙullin bai kwance ba.

"Ba ka cire ba."

"Ban ga ina da ikon cirewa ba, Baba. Ban kuma ga ina da ikon riƙewa ba."

"Bar shi," in ji Maigida. "Yarinyar nan ba ta taɓa kuskuren alama ba. Ni ne na yi jinkirin karantawa. Ka turo manyanka."

A bayan kanta allura ta faɗi ƙasa, babu wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mai Guga ne ya goge kayan ango da hannunsa, ya kawo su da kansa, ya ce, "Ka riƙe ta da kyau. Idan ka ƙona, ni zan sake koya maka." Kawu ya zauna a sahun gaba, kusa da Maigida, suna gardamar wanda ya fi iya sitaci a zamaninsu. Mahaifiyar ango ta riƙe hannun amarya tana sa musu albarka har ta kasa ƙarasawa.

Sati guda bayan haka suka yaye zanen da ke kan injina. A kan sabuwar kanta akwai waya mai lambobi, kusa da ita akwatin zare, Kawu kuma yana zaune a kujera mai jingina, ba mai fara aiki sai an tambaye shi. Kafin a buɗe ƙofa amarya ta ce wa mijinta ya sunkuyo. Ta juya wuyan rigarsa, ta zura allura, ta ƙara ƙulli ɗaya kusa da na farko.

"Wannan kuma na mene ne, Zarena?"

"Na farko hannuna ne ya yi. Wannan ni na yi, ina kallo."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa albarka a hannuwansu da abin da hannuwan za su taɓa. Ya kuma yafe wa duk wanda ya taɓa ɗaga murya a kan wanda ya fi shi sani, ya ba shi ikon komawa ya durƙusa tun mutumin yana raye.